Data Guzuri Ce: Shafukan Intanet Da Ya Kamata Ku Leƙa A Wannan Dogon Hutu

An gama jarrabawar zango na uku, an karɓi sakamako, an rufe makarantu. Daga yanzu zuwa ranar komawa, wasu za su bi iyaye gona tunda damina ce, wasu za su tafi shagon koyon ɗinki ko gyaran waya, wasu kuma Islamiyya safe da yamma. Amma akwai abin da kusan kowa zai yi a cikin hutun nan: zai riƙe waya, ko tasa, ko ta yayansa, ko ta mahaifiyarsa idan ta ba shi aro bayan sallar isha'i.

Mun san yadda ɗalibi yake haɗa kuɗin data. Ragowar kuɗin tara ne, ko canjin aike, ko ɗan abin da kawu ya miƙo ranar Juma'a. Sai a saka ta da daddare, kafin gari ya waye ta ƙare a kallon gajerun bidiyo waɗanda da safe ko ɗaya ba za a iya tunawa ba. A lokaci guda kuma, da yawa daga cikin makarantunmu ba su da ɗakin karatu, waɗanda suke da shi ma littattafan sun tsufa. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kuwa, akwai waɗanda har suka gama aji shida ba su taɓa shiga ba, alhali jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ba ta tambayar ko makarantarku tana da kayan aiki.

Shi ya sa muka zauna muka zaɓo muku wasu shafuka. Sharuɗɗanmu uku ne: shafin ya zama kyauta, ya buɗu a waya, sannan a san waɗanda suka kafa shi. Ba mu ce ku shiga duka ba, domin taura biyu ba ta taunuwa. Kowa ya duba inda yake da rauni ko sha'awa, ya ɗauki biyu ko uku ya riƙe su da gaske.

Ku fara da sanin abin da za a tambaye ku

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda zai shiga aji shida na sakandare, ziyararsa ta farko ta zama shafin hukumar JAMB, wato jamb.gov.ng. A can akwai manhajar karatu ta kowane darasi, mai ɗauke da batutuwan da ake fitar da tambayoyi daga cikinsu da littattafan da aka ba da shawarar karantawa. Akwai kuma kundin da ke nuna darussan da kowane kwas yake buƙata a kowace jami'a. Ɗalibai da yawa sun ci maki mai kyau amma suka rasa gurbi, saboda kawai sun haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗin da suka nema ba. Ku sauke manhajar darussanku huɗu, ku kwafe batutuwan a littafi, duk wanda kuka gama ku sa masa alama.

Ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare kuma, akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar a 2022. An tsara darussansa bisa manhajar makarantun Najeriya, kuma ban da Turanci akwai darussa da Hausa da Yarbanci da Ibo. Rajista kyauta ce.

Malamin lissafi da ba ya gajiya

A 2004 wani mutum a Amurka mai suna Salman Khan ya fara koya wa 'yar uwarsa lissafi daga nesa, domin tana wani gari yana wani. Da sauran dangi suka nemi shiga, sai ya riƙa ɗaukar darasin yana sa wa a YouTube. Daga nan aka samu Khan Academy, wadda ta zama ƙungiya mai zaman kanta a 2008, darussanta kuma kyauta ne ga ɗalibi. Adireshinta khanacademy.org.

Abin da ya sa muka sa ta a gaba shi ne, malamin da ke cikinta ba ya ƙosawa. A aji mai ɗalibai tamanin, idan ba ka gane ba kunya takan hana ka ɗaga hannu. A nan kuwa kana iya mayar da bayani baya sau goma babu mai yi maka dariya. Bayan kowane darasi akwai aikin gwaji, idan ka kakare a nuna maka hanya mataki-mataki. Shawararmu ita ce kada girman kai ya hana ku komawa baya. Wanda aljabara ke ba shi wahala, sau da yawa matsalarsa tun daga lissafin ɓangarori ta faro, wato rabi da sulusi da rubu'i. Ya koma can ya gyara tushe, ko da kuwa darasin na 'yan firamare ne. Sai dai a lura, tsarin azuzuwan shafin na Amurka ne, don haka ku nemi batu da sunansa kamar yadda yake a manhajarku. Masu karatu da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram su ma suna da rabo, domin an fassara shafin zuwa Faransanci.

Ɗakin gwaji a cikin aljihu

Gani ya kori ji. Shafin PhET na Jami'ar Colorado, phet.colorado.edu, wani masanin kimiyyar fiziks ne ya kafa shi a 2002, Carl Wieman, shekara ɗaya bayan ya samu lambar yabo ta Nobel. Abin da ke ciki gwaje-gwaje ne da ake yi da ɗan yatsa a fuskar waya.

Ga misalin da muke so kowa ya gwada. Ku buɗe gwajin haɗa lantarki, ku jawo batir da ƙwan fitila ku haɗa su da igiyar wuta, za ku ga ƙwan ya kama. Ku ƙara ƙwai na biyu a kan layi ɗaya, na biyun yana bin na farko: hasken dukansu zai ragu, kuma in kuka cire ɗaya, ɗayan ma ya mutu. Sai ku sake haɗawa, kowane ƙwai da nasa layin zuwa batir: haske zai dawo yadda yake, kuma cire ɗaya bai shafi ɗaya ba. A nan za ku gane dalilin da ya sa ƙwan ɗakinku kan mutu amma na tsakar gida yana ci. Abin da aka yi mako biyu ana haddacewa a allo, minti goma ya isa a gan shi da ido. Akwai irin wannan a kemistiri da ilimin halittu da lissafi, kuma ana iya sauke gwaji a ajiye a yi amfani da shi ba tare da data ba.

Masu neman littafin karatu cikakke su leƙa openstax.org na Jami'ar Rice, inda ake sauke manyan littattafan fiziks da kemistiri da ilimin halittu da tattalin arziki kyauta, da izinin masu su. Waɗanda suka gama sakandare suna jiran gurbi kuma, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, ta sa littattafan kwasa-kwasanta a shafinta. Kafin ka zaɓi kwas, ka karanta babi biyu na littafin shekarar farko ka ga ko ranka ya kwanta da shi.

Ku ɗaga kai sama

Wannan na dare ne, idan an ɗauke wuta kuma hadari ya washe. Shafin stellarium-web.org yana nuna taswirar sararin samaniya daidai da garin da kake da kuma lokacin da kake kallo. Ku nemi kaka ko wani dattijo a unguwa ya nuna muku taurarin da ya sani da sunayensu na Hausa, ku kuma ku duba su a shafin. Za ku tarar cewa Kaza da 'Ya'yanta su ne Larabawa ke kira Surayya, Turawa kuma Pleiades. Za ku kuma gano cewa Zara matar wata da ake gani da magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba, abu ɗaya ne: duniyar Venus ce, wadda ke zagaya rana kamar tamu, takan bayyana a yamma wani lokaci, wani lokaci a gabas. Dattijo ya kawo suna da labari, kai ka kawo taswira, hira ta yi daɗi.

Kada a manta da ƙanne

Yaron da bai iya karatu da harshensa ba a ajin farko, wahala yake sha a duk sauran darussa. Shafin africanstorybook.org, wanda wata cibiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide take gudanarwa, yana ɗauke da ƙananan littattafan labarai masu hotuna a harsunan Afirka masu yawa, har da Hausa. An kasa su mataki-mataki, daga mai kalmomi kaɗan a shafi zuwa mai dogon labari. Ku sauke guda biyar, kowane dare ku zaunar da ƙanne ku karanta tare, kuna nuna kalma da ɗan yatsa. In an gama, ku ce su maimaita labarin da bakinsu. Yaya ko anti da ta yi wa ƙaninta haka tsawon hutu ta yi masa abin da zai daɗe yana cin moriya.

Da tsohuwar zuma ake magani

Yanzu mu juyo gida. Shafin archive.org, wanda aka kafa a 1996, rumbu ne na miliyoyin tsofaffin littattafai da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi. Ku rubuta kalmar Hausa a wurin bincike ku sha mamaki.

Akwai Magana Hausa na J. F. Schön, wanda aka buga a 1885. A cikinsa akwai labarin Dorugu, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, daga baya ya samu 'yanci, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Ingila a 1855, ya kuma ba da labarin rayuwarsa da tafiyarsa da bakinsa. Sa'anku ne lokacin da ya ga Landan, kuma za ku ji yadda idon yaro Bahaushe ya kalli Turawa a garinsu shekara fiye da 160 da suka wuce. Akwai ƙamusun C. H. Robinson na ƙarshen ƙarni na 19. Akwai kuma littafin R. S. Rattray na 1913 mai juzu'i biyu, wanda ya tattara tatsuniyoyi da al'adu da karin magana daga hannun wani Malam Shaihu a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, inda aka buga rubutun ajaminsa tare da boko da fassarar Turanci. Rubutun bokon wancan zamani ya bambanta da namu, babu ƙ da ɗ da ɓ kamar yadda muka saba, don haka ku karanta da ƙarfi, kunne zai gane abin da ido ya kasa.

Masu iya karatun ajami kuma, Jami'ar Boston ta Amurka tana da rumbu mai suna African Ajami Library, wanda Farfesa Fallou Ngom ɗan ƙasar Senegal ya jagoranta. An ɗauki hotunan rubuce-rubucen ajami na Hausa da Fulatanci da Wolof da Mandinka an sa kowa ya gani. Duk ɗan makarantar allo da aka taɓa ce masa bai yi karatu ba, ya shiga nan ya ga yadda manyan jami'o'in duniya suke tattalin irin rubutun da ya iya. Mai son karanta Alƙur'ani da fassara kuma, shafin quran.com yana da tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, haka nan bible.com yana da Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Yawon buɗe ido ba kuɗin mota

Tafiya mabuɗin ilimi, amma kuɗin mota ya yi tsada. A shafin whc.unesco.org akwai jerin wuraren tarihi na duniya da hotunansu da dalilin zaɓensu. Ku nemi Sukur da ke kan duwatsun Madagali a Jihar Adamawa, wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin, a 1999. Ku nemi tsohon birnin Agadas da ya shiga a 2013, da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27 wadda aka gina da ƙasa zalla. A ɓangaren al'adun gargajiya na hukumar ta UNESCO kuma, za ku ga an sa hawan sallar Kano a 2024.

Shafin digitalbenin.org da aka buɗe a 2022 ya fara ne da bayanai da hotunan kayan tarihi 5,246 na masarautar Benin, waɗanda a lokacin suke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, akasarinsu tun bayan da sojojin Birtaniya suka wawashe birnin a 1897. Idan kun ji ana maganar dawo da kayan tarihi a labarai, ga su nan ku gan su ɗaya bayan ɗaya, da wurin da kowanne yake ajiye. Haka kuma Google Arts & Culture yana da sashe mai suna Mali Magic, inda aka sa shafuka sama da 40,000 na rubuce-rubucen Timbuktu, kan fiƙihu da taurari da magani da lissafi.

Wikipedia da bashin da ke kanmu

Kowa ya san Wikipedia, wadda aka fara a 2001, amma ba kowa ya san tana da sashen Hausa ba, ha.wikipedia.org. Wuri ne mai kyau na fara bincike. Sai dai kowa yana iya rubutu a cikinta, don haka kada ku kwafi magana sai kun gangara ƙasan maƙala kun ga inda aka samo ta. Za ku kuma ci karo da maƙaloli da aka fassara da na'ura, Hausarsu ba ta karantuwa.

A nan ne aiki ya zo kanmu. Ku nemi sunan garinku ko ƙauyenku. Ku nemi sana'ar gidanku, jima ko rini ko ƙira ko dukanci. Sau da yawa za ku tarar layi uku ne kawai, ko babu komai. Babu wanda zai zo daga wata ƙasa ya rubuta mana wannan. Buɗe asusu kyauta ne, kuma ana iya farawa da ƙaramin abu, kamar gyara jimla ɗaya da ta karkace ko sa wa harafi ƙugiyarsa. In za ku ƙara bayani, ku dogara da littafi ko jarida, ku kuma ambace su. Shafin amsoshi.com, mai tara maƙalu kan harshe da adabi da al'adun Hausawa, zai taimaka wa masu nazarin Hausa wajen sanin abin da aka riga aka rubuta.

Akwai kuma Common Voice na gidauniyar Mozilla, inda mutum yake karanta gajerun jimloli da muryarsa, ko ya saurari na wasu ya tabbatar sun karanta daidai, domin na'urori su koyi jin harshe. Hausa tana ciki. Idan Basakkwace da Bakatsine da Bazazzagi da Ba'are ba su sa muryarsu ba, na'urar gobe karin harshe ɗaya kawai za ta gane. Masu ƙarancin shekaru su nemi izinin iyaye kafin su shiga.

Yadda za a tattala guzurin

Bidiyo ne ke cinye data, rubutu kaɗan yake ci. Idan za ku kalli darasi, ku rage ingancin hoton, domin rubutun allo yana karantuwa ko da hoton bai fito tas ba. Ku kashe sabunta manhajojin waya da kansu. Abu mai nauyi a sauke shi da garaɓasar dare, ko a wurin da ake da intanet na kyauta. Manhajar Kiwix tana ba da damar sauke Wikipedia a ajiye a waya a karanta ba tare da intanet ba.

Dabarar da ta fi duka ita ce haɗin kai. Ku haɗu ku biyar, kowa ya ɗauki darasi ɗaya ya sauke littafinsa da gwaje-gwajensa, ranar Asabar ku tura wa juna ta Xender ko Bluetooth. Kuɗin mutum ɗaya, amfanin mutum biyar. Kuma kada a bar 'yan mata a baya. A gidaje da yawa ba a ba su waya saboda tsoron abin da ke cikinta, kuma tsoron yana da dalili. Muna roƙon iyaye da yayye su sauke waɗannan darussa da kansu, a kashe data, a ba yarinya ta yi karatunta a tsakar gida kowa yana gani. Jarrabawar da ɗan'uwanta zai zauna ita ma za ta zauna.

In kunne ya ji

Kasuwa ce intanet, akwai mai gaskiya akwai ɗan damfara. Duk shafin da ya ce zai ba ku amsar jarrabawa kafin a shiga, ko zai ƙara muku maki bayan an fito, ko zai ba ku tallafin karatu in kun fara biyan wani abu, ku rufe shi nan take. Satar amsa tana jawo soke sakamako, kuma laifi ne a dokar ƙasa. Ku duba adireshi da kyau: shafukan gwamnatin Najeriya sukan ƙare da gov.ng, na manyan makarantu da edu.ng, 'yan damfara kuwa sukan sauya harafi ɗaya don su yi kama da na gaske. Kada ku ba kowa lambar sirrin katin banki na iyayenku, ko lambar BVN, ko lambar da banki ya turo ta saƙo. In kun yi aiki a shagon intanet, ku fita daga asusunku kafin ku tashi. Wanda ba ku sani ba ya nemi hotonku ko adireshin gidanku, ku gaya wa babba a gida a ranar.

Abin da muke so ku yi

Ku samu littafin rubutu guda ɗaya na wannan hutu. Kullum kafin ku kunna data, ku rubuta abin da za ku nema. Bayan kun kashe, ku rubuta layi biyar kan abin da kuka koya, da kalmominku. Minti talatin a rana ya isa, sannu ba ta hana zuwa. Ranar da aka koma makaranta ku nuna wa malaminku littafin.

Mu ma muna jira. Ku rubuto mana wane shafi ya fi yi muku amfani, wanne ya ƙi buɗewa a wayarku, da kuma wani mai kyau da kuka sani wanda ba mu ambata ba. Za mu buga wasiƙun da suka fi ma'ana a wannan shafi kafin ƙarshen hutu. Allah Ya ba da ilimi mai amfani, Ya kai mu sabon zango lafiya.